Hoto Daga Bayan Katanga: Tsofaffin Fursunonin Amurka Da Suka Ƙwato Fuskokinsu

A shekarar 2009, a wani gidan yari da ke jihar Pennsylvania ta ƙasar Amurka, an kulle wani matashi mai suna Jesse Krimes a ɗakin kaɗaici yana jiran hukunci, bayan an kama shi da hodar iblis. Bai daɗe da kammala karatun zane-zane a jami'a ba. Ba shi da kyamara, ba shi da fenti, ba shi da ko buroshi. Abin da ke isa hannunsa bai wuce tsofaffin jaridu da katin karta da 'yan ƙananan sabulan da ake raba wa fursunoni ba.

A cikin jaridun nan kusan kullum akwai hotunan mutanen da 'yan sanda suka kama. Krimes ya gano cewa in ya yanko irin wannan hoto, ya ɗora shi a kan jiƙaƙƙen sabulu ya danne, tawadar takan bar takarda ta zauna a jikin sabulun. Fuskar sai ta fito a juye, dishi-dishi, ta rabu da kanun labarin da ya kira mai ita ɗan fashi ko dillalin ƙwaya. Ya yi ta yi, ɗaya bayan ɗaya, har ya tara kusan 300. Gudun kada gandirobobi su ƙwace, sai ya riƙa manne katunan karta da man goge baki, ya huda tsakiyarsu da ɗan ƙarfen da ya ciro daga batir, ya cusa sabulun a ciki, ya aika waje ta gidan waya.

Shekara 15 bayan haka, a Oktoban 2024, babban gidan adana kayan fasaha na Metropolitan da ke birnin New York ya baje waɗannan sabulai. A gefensu aka jera hotunan da wani ma'aikacin 'yan sandan Paris, Alphonse Bertillon, ya ɗauka a ƙarshen ƙarni na 19. Ba banza aka haɗa mutanen biyu a ɗaki ɗaya ba. Bertillon ne ya daidaita tsarin da 'yan sandan duniya suke bi har gobe: a tsayar da wanda aka kama, a ɗauke shi ta gaba, a ɗauke shi ta gefe, a haɗa da lamba a ajiye a fayil. Tun daga shekarun 1880 kyamarar tana hannun hukuma, wanda aka kama kuwa nasa tsayuwa ne kawai.

A Amurka wannan hoto ba ya zama a fayil. Jihohi da yawa suna ɗaukarsa a matsayin bayanin da kowa ke da damar gani, don haka jaridu da gidajen talabijin sukan yaɗa shi tun kafin alƙali ya ce uffan. Har wasu shafukan intanet suka mai da abin sana'a: su kwaso hotunan su baza, sannan su nemi kuɗi daga mai fuskar kafin su cire. Kotu na iya wanke mutum, amma duk mai shirin ɗaukarsa aiki ko ba shi hayar gida, da ya rubuta sunansa a Google, hoton ranar kamun ne zai fara cin karo da shi.

Shi kuwa fursuna, kyamara haramtacciya ce a gare shi. In an kama shi da wayar salula, laifi ne da zai iya tsawaita zamansa. 'Yan jarida ma ba su da wata ƙofa tasu: a hukunce-hukuncen da ta yanke a 1974 da 1978, Kotun Ƙolin Amurka ta ce ɗan jarida ba shi da haƙƙin shiga gidan yari fiye da na kowane mutum. Ƙofar ta rufe ne daidai lokacin da gidajen suka fara cika.

Yadda gidajen suka cika

A 1972, mutanen da ke ɗaure a gidajen yarin jihohi da na tarayya kimanin 200,000 ne. Zuwa 2009 sun haura miliyan 1.6. In aka haɗa da waɗanda ke tsare a ƙananan kurkukun gundumomi, mafi yawansu masu jiran shari'a, adadin ya kai miliyan 2.3 a lokacin da abin ya fi ƙamari, yau kuma yana dab da miliyan 2. Ƙasar da mutanenta ba su kai kashi 5 cikin 100 na al'ummar duniya ba, a wancan lokaci ita ke riƙe da kusan kashi ɗaya bisa biyar na fursunonin duniya.

Gaskiya ne aikata laifuka ya ƙaru daga shekarun 1960 zuwa farkon shekarun 1990, kuma talakawan unguwanni su suka fi jin jiki. Amma wani babban kwamitin masana na ƙasar ya bayyana a rahotonsa na 2014 cewa dokokin da 'yan siyasa suka zaɓa su ne babban dalilin cikar gidajen. A 1971 Shugaba Richard Nixon ya ayyana shan ƙwaya a matsayin babban maƙiyin al'umma. A 1973 jihar New York ta kafa dokar da ta tilasta wa alƙali yanke dogon ɗauri a kan laifin ƙwaya, ko yana so ko ba ya so. A 1986 majalisar tarayya ta zo da wadda ta fi barin tabo: giram 5 na daskararriyar hodar iblis, mai araha, wadda aka fi kama baƙaƙen fata da ita, hukuncinsa ɗaya da giram 500 na garin hodar, wato ɗaurin shekara biyar ba ragi. Sai a 2010 aka rage wannan tazara daga ninki 100 zuwa 18. A 1994 kuma Kalifoniya ta kafa dokar da ta ce wanda ya taɓa aikata manyan laifuka biyu, in ya yi na uku, ɗaurin shekara 25 zuwa rai-da-rai ne, ko da na ukun ƙaramar sata ce.

Nauyin bai faɗa wa kowa daidai ba. Baƙaƙen fata kusan kashi 13 ne cikin 100 na Amurkawa, amma su ne kusan kashi ɗaya bisa uku na fursunoni. A jihar Louisiana akwai gidan yarin da ake kira Angola, mai faɗin eka 18,000, wanda asalinsa gandun bayi ne, kuma har yau fursunoni, mafi yawansu baƙaƙe, suna noma a filayensa. Gyaran tsarin mulki na 1865 da ya haramta bauta ya bar kafa guda, domin ya halatta aikin tilas ga wanda kotu ta samu da laifi. Wasu ma'aurata masu ɗaukar hoto 'yan New Orleans, Keith Calhoun da Chandra McCormick, sun shafe shekaru da dama suna ɗaukar wannan gandu, kuma marigayi Okwui Enwezor, haifaffen Kalaba a Nijeriya, shi ya sa hotunansu a babban baje kolin Venice na Italiya a 2015.

An daɗe ana buga waɗannan alƙaluma, kuma ba su hana a ci gaba da gina kurkuku ba. Abin da tsofaffin fursunoni masu aikin hoto suka kawo daban ne: shaidar mutumin da ya kwana a ciki.

An yanke wa Krimes kusan shekara shida, aka kai shi gidan yarin tarayya na Fairton a jihar New Jersey. Shi farar fata ne, kuma ya sha faɗa cewa ya ga baƙaƙen da laifinsu bai fi nasa ba an ba su wa'adin da ya fi nasa tsawo. A Fairton ya faɗaɗa dabararsa. Ya riƙa yanko hotuna daga jaridar New York Times, ya shafa musu man gyaran gashi, ya kifa a kan zanin gadon kurkuku, ya yi ta goga da cokalin roba har hoton ya koma jikin zanin. Tallan kayan ƙawa, hotunan bala'o'i, gine-gine, duk ya harhaɗa, ya ƙara da zanen fensir. Zani 39 ya yi cikin shekara uku, ya kasa aikin hawa uku: aljanna a sama, duniya a tsakiya, wuta a ƙasa. Kowane zani yana gamawa yake fitar da shi, don haka bai taɓa ganin aikin a haɗe ba sai da aka sake shi. Da aka jera zannuwan, tsayinsu ƙafa 15, faɗinsu ƙafa 40. Sunan da ya ba aikin ya ƙare da 16389067, lambar da hukuma ta san shi da ita.

Wani zai ce wannan ai ba ɗaukar hoto ba ne, tunda babu kyamara. Amma a wurin da aka hana kyamara, abin da mutum ya yi da hotunan da suka iso hannunsa shi ne aikin hotonsa.

Hoton ɗakin ziyara

Kyamara ɗaya ce aka halatta a yawancin gidajen yarin Amurka, ita ce ta ɗakin ziyara. Ranar da iyali suka zo, sai a sayi tikiti na 'yan daloli, wani fursuna da aka ba aikin ya ɗauke su. Shekaru da dama da kyamarar Polaroid ake yi, mai fito da hoto nan take. A bayansu akwai bango ko labule da wani fursunan ya zana: bakin teku da itatuwan kwakwa, ko ruwa mai gangarowa daga dutse, ko dogayen benaye da fitilu. Duk wanda ya taɓa zuwa wajen mai hoto ranar Sallah a Kano ko Damagaram, ya tsaya gaban labule mai zanen jirgin sama ko lambu, ya san irin wannan hoto. Sai dai a kurkuku labulen yana da aiki na biyu, domin hukumar gidan tana so ya kare ƙofofi da makullai kada su fito.

Wata mai fasaha, Alyse Emdur, ta taɓa cin karo da hotonta tana 'yar shekara biyar, tsaye gaban zanen bakin teku tare da yayanta, ranar da aka kai ta ziyararsa a kurkuku. Wannan ya sa ta rubuta wa fursunoni wasiƙu ta nemi su aiko mata nasu, ta tara su a littafin Prison Landscapes a 2013.

Amma Farfesa Nicole Fleetwood ce ta ba wannan hoto matsayin da ya dace da shi. Ta tashi a garin Hamilton na jihar Ohio, inda ta ga ana kwashe samarin danginta da na unguwarsu ɗaya bayan ɗaya. An yanke wa wani ɗan uwanta ɗaurin rai-da-rai yana ɗan shekara 18, ya yi fiye da shekara 20 kafin ya fito. Hotunan da suka ɗauka tare a ɗakin ziyara ta daɗe tana ɓoye su, saboda nauyin da suke yi mata a zuciya. Daga baya ta fito da su ta jera a gidanta, ta fara nuna su in ta je gabatar da lacca. Sai ga mutane suna tare ta bayan taro suna ba ta labarin nasu 'yan uwan da ke tsare.

Ba abin mamaki ba ne. Wani bincike na 2018 ya nuna cewa kusan rabin baligan Amurka suna da ɗan gida ɗaya, uba ko uwa ko ɗa ko ɗan uwa ko abokin zama, da aka taɓa kullewa. Yara fiye da miliyan 5 sun taɓa zama uwa ko uba yana tsare. Akwai yaron da duk hoton da yake da shi tare da mahaifinsa a gaban labulen nan aka ɗauka: yana jariri a hannu, yana ɗan firamare, ya zama saurayi ya kere uban tsawo, uban kuwa kullum cikin kaya iri ɗaya, furfura tana ƙaruwa. Murmushin da ke cikin waɗannan hotuna aiki ne da iyali suke yi da gangan, bayan doguwar tafiya a mota da layi da bincike a bakin ƙofa, don yaron ya sami abin da zai nuna ya ce ga babana. A nan ne aka fi ganin cewa ɗaurin mutum ɗaya, gida guda yake ɗaurewa.

A 2020 Fleetwood ta fitar da littafinta Marking Time, a watan Satumbar shekarar kuma ta buɗe baje koli mai wannan suna a gidan fasaha na MoMA PS1 a New York, da ayyukan mutum fiye da 35, yawancinsu fursunoni ko tsofaffin fursunoni. Hujjarta ita ce mai fasaha a kurkuku yana aiki ne da abubuwa uku da aka tilasta masa: ƙuntataccen wuri, ƙarancin kayan aiki, da lokacin da aka mai da shi horo. Wanda bai lura da waɗannan ba, ba zai gane me ya sa sabulu da zanin gado suka zama takardar hoto ba.

Ko wannan ɗan hoton iyali ma ana ƙuntata shi. Gidaje da yawa sun hana a aiko da Polaroid daga waje, saboda ana iya ɓoye ƙwaya a bayansa. A 2018 jihar Pennsylvania ta daina miƙa wa fursunoni ainihin wasiƙunsu: sai a tura wa wani kamfani a Florida ya ɗauki kwafi, kwafin ne ke isa hannun fursuna. Hoton 'yar mutum sai ya iso masa a dushe, ba takardar da hannunta ya taɓa ba. Hukuma ta ce don toshe hanyar ƙwaya ne, amma iyalan da ba su yi laifin komai ba su ne suke ɗaukar asarar.

Waɗanda suka fito suka riƙe kyamara

An haifi Joseph Rodriguez a unguwar Brooklyn a 1951. Tun yana matashi ya faɗa shaye-shaye, sau biyu ana kai shi Rikers, tsibirin da birnin New York ke tsare mutane. Bayan ya fito ya sayi tsohuwar kyamara ya fara ɗaukar unguwarsu. Daga 1977 ya yi shekaru yana tuƙa tasi, kyamara a kusa da shi, yana ɗaukar birnin ta tagar mota, har ya kammala karatun aikin jarida na hoto a 1985.

Bayan tarzomar Los Angeles ta 1992, ya tafi gabashin birnin ya shiga cikin 'yan daban unguwannin 'yan asalin Meziko. Masu hoto da yawa sukan zo ne in an yi harbi, su ɗauki gawa su tafi. Shi ya zauna. Ya shiga gidajensu, ya halarci bukukuwansu da jana'izarsu. Hotonsa da ya fi shahara, na 1993, wani uba ne zaune a ƙasa a ɗaki yana nuna wa jaririyar 'yarsa yadda ake riƙe bindiga, uwar tana kallo, washegarin ranar da abokan gaba suka yi yunƙurin harbe shi. Hoton yana tayar da hankali, kuma bai wanke kowa ba. Amma ba ya ba mai kallo damar ya ce waɗannan ba mutane ba ne: ga uba, ga 'ya, ga tsoro ya shigo har tsakar ɗaki. Littafin East Side Stories ya fito a 1998. A 2004 ya fitar da Juvenile, a kan yaran da suka faɗa hannun kotunan ƙananan yara a Kalifoniya, daga baya kuma ya bi waɗanda aka sako suna neman aiki da wurin kwana. Abin da ya bambanta aikinsa shi ne haƙuri da kusanci, kuma yaran da yake ɗauka sun san ya taɓa zama inda suke zaune.

Mary Enoch Elizabeth Baxter, 'yar Filadelfiya, an kama ta tana da cikin wata tara. Ta yi awa 43 tana naƙuda a ɗaure da sarƙa a jikin gadon asibiti, daga ƙarshe aka yi mata tiyata aka ciro ɗan. Sai a 2010 Pennsylvania ta hana ɗaure mace mai naƙuda, gwamnatin tarayya kuma ta hana a nata gidajen a 2018. A shekarar ce Baxter ta mai da labarinta gajeren fim na waƙa, ita da kanta ta fito a ciki.

Aikinta na hoto kuwa ya koma baya da nisa. A wajajen 1882, Thomas Eakins, mai zanen da Filadelfiya ke alfahari da shi, ya ɗauki hoton wata ƙaramar yarinya baƙar fata ba sutura. Ko sunanta ba a rubuta ba. Fiye da ƙarni guda hoton yana ajiye a matsayin kayan fasaha, masana suna nazarinsa. Baxter, wadda ita ma tun tana ƙarama ta shiga hannun hukuma, ta kalle shi ta ga cin zarafin yarinya tsagwaronsa. A 2021 ta ɗauki hotunan kanta ta shigar da su cikin tsohon hoton da kwamfuta, tana lulluɓe yarinyar, tana kare ta da jikinta. Masana da yawa sun wuce ta gaban hoton nan cikin shekara ɗari da ɗoriya. Matar da ta san abin da ake nufi da a mallaki jikinka ba da yardarka ba, ita ce ta fara tunanin rufa wa yarinyar asiri.

Akwai kuma hoton da fursuna ke tsarawa wani ya ɗauka. An gina kurkukun Tamms a jihar Illinois don kaɗaici zalla: mutum ɗaya a ɗakin siminti, aƙalla awa 23 a rana, wasu fiye da shekara goma. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2015, waɗanda aka sa wa sunan Nelson Mandela, sun haramta kaɗaicin da ya wuce kwana 15. Masu fafutukar rufe gidan, cikinsu har da iyaye mata da tsofaffin fursunonin wurin, suka tambayi mutanen ciki wane hoto kowa yake so a ɗauko masa, na gaske ko na mafarki. Wani ya nemi unguwar da ya tashi. Wani ya nemi doki ya ɗaga ƙafafun gaba cikin sanyin da har ana ganin tururin numfashinsa. Wani, wanda mahaifiyarsa ta rasu, ya nemi a haɗa masa hotonta tsaye gaban katafaren gida, da mota, da tarin kuɗi. Masu hoto 'yan sa-kai suka ɗauka suka aika. An rufe Tamms a Janairun 2013, aikin kuma ya ci gaba a wasu jihohi.

Wani lokaci kuma hoton ba ya jiran izini. A Janairun 2020, bayan rikicin da ya ci rayuka a gidajen yarin Mississippi, fursunonin gidan yarin Parchman suka yi kasada da wayoyin da aka shigar a ɓoye, suka fitar da hotunan mutane kwance a ƙasa babu katifa, ruwa ya malale ɗakuna, bango ya yi baƙi da funfuna. An yi shekaru ana kai ƙorafi a rubuce. Gani ya kori ji: cikin 'yan makonni gwamna ya ba da umarnin rufe sashen da ya fi lalacewa, ma'aikatar shari'a ta tarayya ta buɗe bincike, a 2022 ta ce halin da gidan ke ciki ya saɓa wa tsarin mulki.

Waɗanda aka cuta fa?

Tambaya ce mai nauyi, kuma bai kamata a kauce mata ba. Ƙwayar da aka sayar ta lalata 'ya'yan wasu, kuma a cikin masu murmushi gaban labulen nan akwai waɗanda suka yi kisa. Mafi kyawun waɗannan ayyuka ba sa cewa masu su ba su yi laifi ba. Abin da suke cewa shi ne laifin ba shi ne mutumin gaba ɗaya ba, kuma horon ya zarce mai laifi ya shafi waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Mai ɗaukar hoto Deborah Luster tana da ikon magana a nan fiye da kowa. A 1988 wani makashin haya ya kashe mahaifiyarta. Shekara goma bayan haka ta fara shiga gidajen yarin Louisiana, ciki har da Angola, tana ɗaukar fursunoni yadda su suka zaɓi su tsaya, ta kuma wanke ƙananan hotuna kusan 25,000 ta mayar musu don su aika wa iyalansu.

Baje koli dai ba ya buɗe ƙofar kurkuku, kuma wanda ya fito bai gama biya ba. Dubban ɗaruruwa ake sakowa duk shekara. Wani bincike na 2018 ya gano cewa rashin aikin yi a tsakaninsu ya haura kashi 27 cikin 100, a zaɓen 2024 kuma kimanin mutum miliyan 4 doka ta hana jefa ƙuri'a saboda tsohon laifi. Shi ya sa a 2017 Krimes da Russell Craig, wani mai zane ɗan Filadelfiya da ya koya wa kansa sana'ar a kurkuku, suka kafa shirin Right of Return, wanda ke ba tsofaffin fursunoni masu fasaha tallafin dala 20,000 kowanne. Sun san mai fitowa ba tausayi yake nema ba, kuɗin haya da kayan aiki yake nema.

Nijeriya ba ta kulle mutane da yawan Amurka ba, fursunoninta kimanin 80,000 ne. Amma kusan kashi biyu bisa uku nasu jiran shari'a suke yi, kotu ba ta same su da laifi ba, duk da cewa tun 2019 aka sauya wa gidajen suna zuwa na gyaran hali. Hoton da jama'a suka fi sani na irin waɗannan mutane shi ne na ranar da aka zaunar da su a ƙasa gaban 'yan jarida, aka jera makamai a gabansu, kafin a kai su gaban alƙali. Hoton kan zaga Facebook da WhatsApp cikin awa guda, ranar da kotu ta sallami mutum kuwa babu kyamara ko ɗaya. Jihar Legas ta haramta wannan holi a dokarta ta 2021. Ya kamata majalisun jihohin Arewa su bi sahu, editocin da suka buga hoton kamu kuma su tura wakili kotu ranar yanke hukunci.